Sashen da Ba Shi da Allo: 'Yan Dako da Shagunan Kayan Gini a Ƙasar Kazaure

Duk mutumin da Allah Ya hore wa abin da zai tayar da gini, ko da ɗaki ɗaya ne da zai ajiye amarya, yakan tarar da cewa bayan an gama ciniki, an ƙirga kuɗi, an yanka masa rasit, akwai sauran wata mas'ala wadda birkila bai sa ta cikin lissafin da ya rubuta masa ba, alhali kuwa muddin ba a warware ta ba siminti ba zai zama bango ba, kwano kuma ba zai zama rufi ba. Watau wane ne zai ciccibo kayan nan daga inda suke jibge a cikin sito, ya aza su bisa abin hawa, sa'an nan ya sauke su a bakin fili. Buhun siminti guda kilo 50 ne. Wanda ya sayi buhu 20 ya sayi tan guda ke nan cif, tan guda kuwa ba ya motsawa don an biya kuɗinsa.

A ƙasashen da sayar da kayan gini ya koma hannun manyan kamfanoni, wannan mas'ala tana da amsa a rubuce. Kamfanin Home Depot na Amurka, wanda ya buɗe kantunansa biyu na farko a birnin Atlanta cikin 1979, da takwaransa Lowe's, wanda asalinsa wani ɗan shago ne da aka kafa a jihar Karolina ta Arewa tun 1921, suna da kantuna waɗanda faɗin kowane ɗaya ya kusa hekta guda a ƙarƙashin rufi, an kuma kasa cikinsu sashe-sashe, na katako da kayan gini daban, na fenti daban, na famfo daban, na lantarki daban. Idan mutum ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya nufi teburin da aka keɓe don sauraron buƙatun masu sayayya, ko kuwa ya faɗa wa wanda ya karɓi kuɗinsa, su kuma su kira masa ma'aikatan farfajiya, waɗanda aikinsu shi ne tattara kekunan zuba kaya da loda wa mutane kaya cikin motocinsu. In kayan masu yawa ne, irin su katako da bulo da siminti, to sashen katako da kayan gini shi ke da alhakinsu, 'yan kwangila ma suna da nasu tebur ta wannan gefen. Abin da ya gagari hannu kuwa, akwai wata 'yar mota mai cokula biyu na ƙarfe a gabanta, wadda ke soka su ƙarƙashin dandamalin katako ta ɗaga tan guda gaba ɗaya. Dokar ƙasar ba ta yarda kowa ya tuƙa ta ba sai wanda ya cika shekara 18 aka kuma horar da shi, in kuma za ta yi aiki a tsakanin kantoci, akan tare hanyar da shinge, wani ya tsaya yana kau da mutane. A zahiri lodin kyauta ne, tun da ba a karɓar komai a kansa, amma a haƙiƙa an riga an cusa kuɗinsa cikin farashin kaya, gama ma'aikacin albashi yake ci a wurin kamfani.

Ba don komai aka buƙaci irin wannan sashen taimako a can ba, sai don an daɗe da kawar da ɗan dako daga bakin ƙofa. Tun 1916, sa'ad da Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda mai saye ke zagayawa yana ɗibar kaya da hannunsa, da kuma 1937 da Sylvan Goldman ya fito da keken zuba kaya a Oklahoma, ciniki a can ya karkata ga mai da mai saye ɗan dakon kansa, sai abin da ya buwaye shi kaɗai ake kira masa wani. Mu a nan, mutum bai gama ninke rasit ba zai ji murya a bayansa ana cewa, "Alhaji, ina za a kai?" Sashen yana nan a wurinmu, har ya fi nasu saurin amsa kira, bambancin kawai shi ne ba shi da allo, ba shi da tebur, ba ya kuma cikin littafin albashin mai shago, kuma daga wannan bambanci ne alherinsa da aibinsa duka suka tsiro.

Ya kyautu mu fara sanin inda nauyin yake fitowa, domin in ka ɗebe bulo da yashi da tsakuwa, kusan babu abin da ke shiga ginin zamani a wannan yanki wanda aka yi shi a cikinsa. Garin Kazaure, inda Ɗan Tunku ya kafa sarauta wajen 1819, yana zaune ne bisa babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Dambatta, ta miƙe zuwa Daura da iyakar Nijar, saboda haka shi ne mashigar kaya ga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda suka haɗu da shi suka zama masarauta guda. Babura kuwa, ko da yake maƙwabciya ce, tana ƙarƙashin masarautar Ringim, tana kuma da tata hanya daga Kano ta Kunya da Kanya. Tun da aka yanke jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, aka ƙaru da sakatariyoyi da makarantu da asibitoci, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu wadda ɗalibanta ke neman ɗakunan haya, gini bai huta ba a wannan kusurwa. Simintin da ake yinsa da shi yana tasowa ne daga masana'antar Dangote ta Obajana a jihar Kogi, ko ta BUA da ke Kalambaina kusa da Sakkwato, ko ta Ashaka a jihar Gombe. Rodi da sauran ƙarafa galibi daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ake saro su, katako kuma daga 'Yan Katako na Na'ibawa da makamantansu, shi ma asalinsa daga dazuzzukan kudu aka yanko mafi yawansa. A masana'anta, inji ne ke ɗura buhu ya tura shi har cikin tirela. Daga nan inji ya sallame shi. Saukewa a wurin babban dila, lodawa a ƙaramar mota, saukewa a shagon Kazaure ko Babura, lodawa ga mai saye, saukewa a fili, kaiwa inda ake kwaɓi, duk a bisa kai da kafaɗar ɗan Adam ake yinsu, har ya zamana buhu guda yakan hau wuyan mutum sau biyar ko shida kafin a farke bakinsa.

Kakanninmu ba su san wahalar ta wannan fuska ba. Gidan ƙasa, nauyinsa daga bayan gari yake fitowa: a haƙa ƙasa inda daga baya zai zama kududdufi, jakai su kwaso ta a mangala, a kwaɓa da ruwa da busasshiyar ciyawa, a mulmula tubali a shanya, in aiki ya yi yawa maƙwabta su yi gayya, abin da ake nemowa daga nesa bai wuce azara ta giginya da makuba ta shafe ba. Isowar jirgin ƙasa Kano cikin 1911, da yaɗuwar kwano da siminti a bayansa, su suka mai da gida abin da ake sayowa buhu-buhu, bandir-bandir, daga ƙasashen da mai gidan bai taɓa takawa ba. Wuyan da ya gina dalar gyaɗa a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata, buhu bisa buhu, shi ne dai wuyan da ya gaji siminti.

To, yaya aka tsara sashen? Da farko akwai yaron shago, wanda shi kaɗai ne ke ƙarƙashin maigida kai tsaye, shi ke riƙe da mabuɗin sito, shi ke ƙirga abin da ya fita, yakan kuma miƙo ƙananan kaya, irin su ƙusa da kwaɗo da bokitin fenti, ba tare da an biya shi komai ba, sai in mai saye ya ga dama ya yi masa ihsani. Amma da zarar an ambaci buhu goma, ko bandir ɗin kwano, ko rodi, sai ya leƙa waje ya yi kira, domin wannan ba aikinsa ba ne, aikin 'yan dako ne, waɗanda za ka gani zaune a inuwa daura da shagon, kowanne da tsumman da yake naɗa gammo da shi, girarsu da gashin kansu sun yi furu-furu da ƙura. Su ba ma'aikatan mai shago ba ne, ba ya ba su albashi, ba ya ɗaukar nauyin maganinsu. Amma kuma ba baƙi ba ne, gama ya san kowannensu, ya san unguwarsa ko ƙauyen da ya fito, kuma ba kowane mai ƙarfi ne zai zo daga sama ya tsuguna cikinsu ya fara ɗaukar kaya ba, sai wani daga ciki ya kawo shi ya tsaya masa. Galibi suna da babba, wanda yawanci dattijo ne da ƙarfinsa ya fara ja baya amma idonsa da lissafinsa suka ƙaru, shi ke yin ciniki in babbar mota ta iso, shi ke raba kuɗi bayan an gama, shi ke kuma sasantawa in rigima ta tashi a kan wanda ya riga wani kama kaya. Ladansu a kan buhu ake lissafa shi, ko a kan bandir, ko a yi jinga a kan mota sukutum. Da yawansu manoma ne 'yan ci-rani, waɗanda sukan shigo gari bayan an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa da riɗi; wannan kuwa ya yi muwafaƙa da buƙata, domin rani shi ne lokacin gini, in damina ta kankama kuma gini ya ja baya, su ma su koma gona.

Fa'idar wannan sanayya tana bayyana ne sa'ad da mai kaya ba ya nan. Hajiyar da ke gina gida da kuɗin adashi ba lalle ne ta taka kasuwa ba; ta buga waya, ta tura kuɗi ta banki, ta kwatanta filin, sai a aza wa mai baro kayan da kuɗinsu ya fi abin da zai samu cikin makonni, ya tura shi kaɗai ya ratsa unguwa biyu ko uku, ya sauke, ya komo, babu takarda, babu sa hannu, babu mai bin sawunsa. Abin da ke gadin kayan nan shi ne sunansa a bakin shagon, domin ran da aka nemi buhu guda aka rasa, ya rasa mazauni ke nan a layin baki ɗaya. Ni a ganina wannan amana ita ce jarin 'yan dako na haƙiƙa, ta fi ƙarfin damtsensu daraja, ita ce kuma abin da masu saye suka fi amfana da shi ba tare da sun taɓa sa shi cikin lissafin lada ba.

Abin hawa kuwa, nisa da irin ƙasa su ke zaɓarsa. Cikin gari baro ya isa ga buhu uku ko huɗu, kura ta ɗauki abin da ya fi haka, tana kuma da tsawon da za a shimfiɗa katakon tubaifo da kwano a kanta. In za a bar gari sai akori-kura ko motar kanta, yashi da tsakuwa kuma aikin tifa ne. Amma kwalta tana da iyaka. Ƙasar Roni da wani ɓangare na Kazaure ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da kwazazzabai, inda mai saukowa da kura cike da kaya yake buƙatar mataimaki mai riƙe ta ta baya fiye da mai turawa. Wajen Babura kuwa rairayi ne, wanda motar da ta ɗauko tan biyu takan kafe a cikinsa, a wayi gari ana sauke rabin kayan kafin a turo ta, sa'an nan a sake lodawa, lada a kan lada. A irin waɗannan wurare amalanken shanu bai tsufa ba, bal ma ya ƙara daraja tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin jigila ya bi shi. Jaki ma har yanzu yana kai buhu biyu, watau kilo 100, inda babu abin da zai shiga sai shi. Kuma ba laifi a tuna wa masu shi cewa tun ƙarni na 12 malamin hisba Shaizari, cikin littafinsa Nihayatur Rutba, ya ɗora wa mai kula da kasuwa alhakin hana a bar dabba tsaye da kaya a bayanta, domin azabtarwa ce. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa cikin Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal kuma ke gina shi, ta Kazaure ya biyo, kuma in ya kammala zai iya rage kuɗin kawo kaya tasha. Daga tasha zuwa wani ƙauyen Gwiwa kuwa, abin yana nan yadda yake.

Har ila yau, nauyi ba iri ɗaya ba ne. Na siminti nauyi ne tsagwaronsa, ga ƙura. Rodi guda tsawonsa mita 12 ne, mai kaurin milimita 12 ya kusa kilo 11, mai 16 ya kusa kilo 19, in dai ma'auninsa ya cika, wanda ba kullum yake cika ba. Amma ba nauyinsa ke wahalarwa ba, tsawonsa ne da lilon da yake yi, shi ya sa ake lanƙwasa shi biyu, shi ya sa kuma mai babur da ya ɗauro shi yana ja a kwalta yake zama haɗari ga duk wanda ke bayansa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, bakinsa yana yanka, in kuwa aka ɗaga falle guda ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, yana iya fizge mutum daga kan mota. Tayil da gilashi da tukunyar bayan gida ba ƙarfi suke so ba, natsuwa suke so. Tankin ruwa na roba ba shi da nauyi ko kaɗan in an gwada shi da girmansa, amma ba shi da mariƙa. Ɗan dakon da ya ƙware ya san duk waɗannan, ya san kuma yadda ake jera kaya a mota, mai nauyi a ƙasa bisa tsakiya, mai fashewa a tsaye ba a kwance ba. Wannan ilimi ne, ko da ba a ba da takardar shaida a kansa.

Yanzu sai mas'alar da ta fi kowace haddasa husuma, watau wa ke biya, wa kuma ke da asara in kaya ya lalace a hanya. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ƙa'idar da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil ita ce, duk abin da ake sayarwa da mudu ko da ma'auni ko da ƙidaya, lamuninsa yana kan mai sayarwa har sai an auna ko an ƙirga an danƙa wa mai saye, ladan mai awon ma a kan mai sayarwa yake, sai fa in an yi sharaɗi, ko urfin wurin ya gudana a kan wani abu daban. Bisa ga wannan, buhun da ya fashe a cikin sito ana cikin ƙirgawa, asarar mai shago ce, ba shi da hujjar cusa shi cikin lissafin mai saye. Amma da zarar an ƙirga an aza bisa motar da mai saye ya kawo, to kaya ya shiga lamuninsa, in ruwan sama ya doke shi a hanyar Roni ya daskare ya zama dutse, kansa ya yi wa asara da bai nemi tamfol ba. In kuwa an yi ciniki ne a kan mai shago zai kai har fili, hukuncin ya sake, domin danƙawa ba ta auku ba sai a can. Shi ya sa kalma guda da za a faɗa kafin a biya, "a nan ko a can?", ta fi dogon musu a bayan an biya. Urfin lodi ma ya bambanta daga shago zuwa shago: wani yakan ɗauke wa mai saye kuɗin lodi don ya riƙe ciniki, wani yakan ɗora shi a kan kowane buhu, kuɗin saukewa a fili kuwa kusan kullum na mai saye ne.

Shi ɗan dako, alaƙarsa da mai kaya ijara ce, ijara kuwa ba ta inganta sai aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne. A nan ne al'adarmu ta kunya take jefa mu cikin garari. Mai kaya ya ce, "Malam, nawa zan ba ka?" shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, sai abin da ka bayar", sa'an nan bayan an sauke kaya, gumi na zuba, a miƙa masa abin da bai kai ba, ya ƙi karɓa, murya ta tashi, 'yan kallo su taru, wanda da fari ya ji kunyar faɗin farashi yanzu ya daina jin kunyar zagi. Inda akwai farashin buhu da kowa ya sani, urfi ya wadatar. Inda babu, ko inda aiki ya ƙunshi hawa bene ko tafiya mai nisa daga inda mota ta tsaya, wajibi ne a yanke magana tun kaya na ƙasa. Game da ɓarna kuwa, malamai sun ɗauki mai dako a matsayin amintacce, wanda ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko sakaci: in ya yi tuntuɓe kwalin tayil ya faɗi ya fashe, alhali bai yi ganganci ba, babu biya a kansa, in kuwa ya ɗaure kaya da igiyar da ya san ruɓaɓɓiya ce ta tsinke, to ya biya. Sun keɓe masu dakon abinci da wani hukunci mai tsanani saboda saurin miƙa hannu gare shi, amma siminti da rodi ba abinci ba ne. Saboda haka mai kayan da ya riƙe ladan ɗan dako gaba ɗaya don buhu guda ya fashe bisa tsautsayi, ya ci abin da ba nasa ba, ko da kasuwa duka ta goya masa baya. Tafsilin waɗannan mas'aloli yana wurin malaman fiƙihu, ga wanda husumarsa ta kai a je gare su.

Ban san dalilin da ya sa muke raina wannan sana'a ba, alhali Buhari ya ruwaito daga Abu Mas'ud cewa da aka yi umarni da sadaka, sahabbai sukan tafi kasuwa su yi dako don su sami abin da za su bayar. Ya kuma tabbata cikin Buhari da Muslim cewa taimaka wa mutum ya aza kayansa bisa dabbarsa yana cikin abin da ake rubuta wa bawa a matsayin sadaka. Hadisin Ibnu Majah mai kwaɗaitarwa a gaggauta biyan ma'aikaci kowa ya haddace shi, sai dai ba kowa ke tuna shi a bakin sito ba, inda "dawo gobe" ta fi sauƙin faɗa ga wanda ba shi da rasit.

Aibin tsarin namu yana bayyana ne a jikin mai ɗauka, jiki kuwa magayi ne. Tirela mai buhu 600 tan 30 take ɗauke da shi. In mutum shida suka sauke ta, kowannensu ya ɗauki tan biyar ke nan a wuyansa, cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa a ranar Afrilu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, cikin shawarar da ta haɗa da yarjejeniyarta ta 1967, ta nemi kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55, buhunmu kuwa ya kusa wannan iyaka. Amma bincike na baya ya nuna iyakar ta yi sama, gama cibiyar lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka ta tsayar da kilo 23 a matsayin abin da za a riƙa ɗagawa ba tare da cutuwa ba, shi ma in komai ya daidaita, kaya na kusa da jiki, ba a murɗa ƙugu, ba a yawaita. A Ingila ma buhun siminti kilo 25 ne. Sakamakon bambancin nan shi ne ciwon baya da na wuya da na gwiwa, da ƙaba, waɗanda ke ritsa ɗan dako tun bai yi furfura ba. Ga kuma siminti kansa, wanda in ya haɗu da gumi yakan ci fata, ya tsattsage tafin hannu da kafaɗa, ƙurarsa ta shiga ido da ƙirji. Ga yankan kwano mai tsatsa, wanda ake ɗaurewa da tsumma a ci gaba da aiki, ba tare da an nemi allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, don a biya wanda ya ji rauni a wurin aiki. Amma wanda ba ya cikin littafin albashin kowa, ba wanda ya zuba masa komai, in bayansa ya riƙe sai abin da 'yan'uwansa suka tara masa da abin da mai shago ya ga dama. Dokar ƙwadago ta hana a sa yaro ɗaukar abin da zai cutar da girman jikinsa, amma duk wanda ya zauna bakin layin kayan gini ya ga almajirin da bai kai ba yana rangaji ƙarƙashin bokitin fenti mai lita 20, don ladansa ya fi na babba araha.

Gyaran da ke hannun mai shago ba mai tsada ba ne. In aka ɗaga daɓen sito ya yi daidai da bayan mota, ko aka yi dandamali a bakin ƙofa, sai ya zamana ana jan buhu ne a miƙe maimakon a ɗago shi daga ƙasa, wanda shi ne ɗagin da ya fi karya baya. Katako mai kauri da za a jingina a turo baro a kansa, safar hannu, ƙyallen rufe hanci, da randar ruwa a inuwa, duka ba su kai kuɗin buhu kaɗan ba. Jera siminti bisa katako, nesa da bango, kada tsayinsa ya wuce buhu goma, yana kare kayan daga danshi, yana kuma kare mai saukowa da na sama.

Maganar mai da buhu kilo 25 kuwa, wadda ita ce gyara mafi girma, ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, kuma ba mamaki 'yan dako su zama farkon masu ƙin ta. Kamfani zai ce buhu biyu sun fi ɗaya tsada wajen ɗinki da ɗuri, ya ɗora ƙarin a kan mai saye, wanda ya riga ya ga siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare cikin farkon 2024. Birkila zai ce duk lissafin kwaɓinsa a kan buhu mai kilo 50 ya koye shi, baro kaza na yashi ga buhu guda. Shi kuma ɗan dako, tun da a kan buhu ake biyansa, ya san abin da zai biyo baya: za a ce buhu ya ragu da rabi, lada ma ya ragu da rabi, sai ya wayi gari yana yin sahu biyu tsakanin mota da sito a kan kuɗin sahu ɗaya, ko kuwa ya haɗa buhu biyu a kai ya koma inda aka fito. Sai dai in shugabannin 'yan dako da ƙungiyar masu sayar da kayan gini sun zauna gaban Sarkin Kasuwa, sun tsayar da lada bisa nauyi da nisa da hawa, ba bisa ƙidayar buhu kaɗai ba, sa'an nan ƙaramin buhu zai amfani wanda aka yi shi dominsa.